Fringe: abin da ya raba kan masoya shirin duniyoyi biyu

Fiye da shekara goma da kammala Fringe, shirin Amurka mai dogon zango, har yanzu masoyansa ba su daina muhawara a kansa ba. Tashar Fox ce ta nuna shi daga 2008 zuwa Janairun 2013, zango biyar, kashi 100. J.J. Abrams na cikin mutum uku da suka ƙirƙiro shi.

Labarin ya ginu ne a kan cewa akwai wata duniya dab da tamu, mai irin mutanenmu da garuruwanmu, sai dai tarihinta ya bi wata hanya dabam. A can, tagwayen benayen New York ba su rushe a 2001 ba. Wannan tunani yana da alaƙa da hasashen da masanin kimiyya Hugh Everett ya yi a 1957, wanda har yau ba a tabbatar da shi ba.

Babbar taƙaddamar a kan Walter Bishop take, masanin da ɗansa Peter ya rasu yana ƙarami. A 1985 ya tsallaka ɗaya duniyar don ya ceci Peter na can daga irin ciwon, ya taho da yaron, ya kasa mayar da shi. Ƙofar da ya buɗe ta jawo wa mutanen can bala'i. Wasu masu kallo na ganin uba ne da baƙin ciki ya rufe wa ido, ya cancanci yafiya. Wasu kuwa sun ce sata sata ce, kuma uban yaron na ainihi, da aka nuna kamar mugu, shi aka zalunta.

Da yawa sun fi yaba zango na uku, inda ake karɓa-karɓa tsakanin duniyoyin biyu. Zango na huɗu, da aka shafe Peter daga tunanin kowa, ya fusata wasu, haka ma tsallen da na biyar ya yi zuwa 2036. Amma da masu kallo suka ragu, aka mayar da shirin daren Juma'a a 2011, sai suka haɗa kai a Twitter suna neman kada a dakatar da shi. Fox ta ba shi kashi 13 na ƙarshe.

Idan aka ajiye kimiyyar gefe, tambayar da ke damun Peter ita ce: ina ne gida, inda aka haife ka ko inda ka tashi? Hausawan Sabha, a kudancin Libiya, sun san wannan tambayar. Iyaye sun ratso hamada daga Agadas, Damagaram ko Kano, ƴaƴa sun tashi da Larabci a baki, dangi kuma suna can suna jira. A shirin, Peter ya ga mahaifarsa, daga baya ya koma wurin waɗanda suka raine shi.