Yadda Kwamfutar Gida Take Kama Shirye-shiryen Talabijin Ta Waya

Duk wanda ya taɓa rasa wani shiri da yake ƙauna a talabijin, don kawai ya zo daidai da lokacin aiki, ya san dalilin da ya sa mutane suka daɗe suna neman hanyar adana shirye-shirye. Da farko kaset na bidiyo ne ya biya wannan buƙata. Daga baya masu kwamfuta a gida, musamman a Amurka inda talabijin ta waya ta yaɗu, suka gane cewa na'urar da ke kan teburinsu za ta iya wannan aiki. To, ta yaya?

Wayar da kamfani yake jawowa gida tana ɗauke da tashoshi masu ɗimbin yawa a lokaci guda, kowace a nata zangon, wanda a Amurka faɗinsa megahaz 6 ne. Kwamfuta ba ta da kunnen da za ta ware tasha ɗaya daga wannan hayaniya, sai an ƙara mata katin kama tasha, wanda ake cusawa a cikinta ko a jona ta kafar USB. Irin wannan kati, kamar All-in-Wonder da kamfanin ATI ya fitar a 1996, shi ke zaɓo tashar da ake so, ya mayar da hoto da sauti lambobin da kwamfuta take ganewa.

Matsala ta biyu ita ce wurin ajiya. A tsarin PAL, wanda tashoshin Nijeriya suka daɗe suna amfani da shi, hotuna 25 ne suke wucewa a kowace daƙiƙa. In aka adana su yadda suke, shirin awa ɗaya zai ci fiye da gigabait 70. Saboda haka ake matse su da dabarar MPEG-2. Alal misali, idan mai karanta labarai yana magana, bakinsa ne ke motsi, bangon da ke bayansa yana nan daram. Sai a adana cikakken hoto ɗaya, sa'an nan a riƙa rubuta abin da ya sauya kawai. Da haka awa ɗaya take komawa kimanin gigabait 2.

A 2002 aka samu manhajoji irin su MythTV da Windows Media Center, waɗanda suke karanta jadawalin tashoshi, su naɗi shiri ko da maigida yana barci.

Sai dai kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da kamfanoni suka koma tsarin dijital, sai suka kulle tashoshinsu, ta yadda katin da ba shi da mabuɗi ba zai nuna komai ba. A Amurka an samar da mabuɗi mai suna CableCARD, amma bai karɓu sosai ba. Microsoft ta yar da Media Center a 2015, sa'an nan a 2020 hukumar sadarwa ta ƙasar ta daina tilasta wa kamfanoni tallafa wa mabuɗin.

A Nijeriya, tashoshin kuɗi irin na DStv ta tauraron ɗan'adam suke zuwa, amma kullen iri ɗaya ne. Dole shiri ya fara bi ta dikoda, sa'an nan a ɗauke shi ta wayoyin nan uku, ja da fara da rawaya, zuwa katin ɗaukar bidiyo. Wayar HDMI kuwa galibi tana da nata makullin hana kwafa. Don haka, kafin mai karatu ya kashe kuɗinsa, ya fara bincika ko tashar da yake so a buɗe take.

A ƙarshe, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1984 cewa naɗar shiri a gida don kallo daga baya bai saɓa wa doka ba. Amma kwafarsa don sayarwa satar fasaha ce, can da nan.