Fiɗar Mahaifar Karya da Sha'anin Ƙibarta

Duk wanda ya taɓa kiwon karya, ko don gadin gida ko don farauta, ya san cewa sau biyu a shekara, a galibi, takan shiga lokacin barbara na mako biyu zuwa uku, karnukan unguwa su yi ta dafifi a ƙofar gida, bayan kamar kwana 63 kuma ta zube 'yan kwikwiyon da maigida bai shirya wa ɗawainiyarsu ba. Don kauce wa wannan wahala ne likitocin dabbobi suke yi mata fiɗa, su cire mahaifa tare da ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Sai dai sau da yawa, kafin shekara ta zagayo, mai karyar yakan koma wurin likita yana kukan cewa dabbarsa, wadda a da take siririya mai zafin nama, ta yi teɓa, ba ta da aiki sai kwanciya a inuwa.

Asalin lamarin yana ga ma'ajiyar ƙwan nan, domin cikin hikimar Mahalicci ita ce ke tsatso wasu sinadarai da ake kira homon, waɗanda suke bin jini tamkar manzanni suna isar da umarni ga sassan jiki. Mafi shahara a cikinsu shi ne estirojin, wanda baya ga shirya karya domin ɗaukar ciki, yana kuma taushe kwaɗayinta na abinci, shi ya sa wasu karnukan sukan rage ci a lokacin barbara. Da zarar an cire mafarin wannan sinadari, sai linzamin ya kwance, yunwa ta ƙaru, alhali kuwa abin da jikin yake buƙata na kuzari ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. To, idan maigida ya ci gaba da cika mata kwano da ragowar tuwo da miya mai maiƙo kamar yadda ya saba, ina rarar za ta tafi in ba ta zama kitse ba?

Ba za a musanta fa'idar fiɗar ba. Binciken da aka wallafa a 2001 a kan karnukan ƙasar Suwidin ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ba a fiɗe ba sukan kamu da ciwon taruwar mugunya a mahaifa kafin su cika shekara 10, ciwon da kan yi ajalinsu in ba a gaggauta ba. Haka nan fiɗar da aka yi da wuri tana rage hatsarin ƙarin nono. Amma tana da nata illa, domin wasu, musamman masu girman jiki, sukan riƙa yoyon fitsari cikin barci bayan an yi musu, saboda haka lokacin da ya dace a yi ta shawara ce ta likita.

Game da illar ƙiba kuwa, akwai hujja bayyananna a binciken da kamfanin Purina na Amurka ya ɗauki nauyi, aka bayyana sakamakonsa a 2002. An ɗauki karnuka 48 na jinsin Labrador, aka raba su gida biyu, aka riƙa ba rabinsu abincin da ya gaza na 'yan'uwansu da kashi ɗaya cikin huɗu har ƙarshen rayuwarsu. Waɗanda aka tsuke wa ci sun ɗara sauran tsawon rai da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma bai kama su da wuri ba.

Mizanin da kowa zai iya amfani da shi a gida shi ne tafin hannunsa. Ka shafa gefen ƙirjin karyar. Idan ka ji haƙarƙarinta ba tare da ka danna ba, ka kuma hango ƙugunta ya ɗan shige idan ka dube ta daga sama, to lafiya lau take, amma idan sai ka lalubo ƙashin a ƙarƙashin kitse, israfi ya shigo. Da zarar mikin fiɗar ya warke, sai a rage mata ci sannu a hankali, a riƙa auna shi da gwangwani guda ana ba ta safe da yamma, a hana yara jefa mata loma, a kuma fita da ita yawo kullum. In duk da haka ƙibar ta ƙi sauka, a kai ta a gwada jininta, domin raunin wata halitta da ke maƙogwaro ma yana jawo haka.

Malamanmu sun karantar da cewa dabbar da mutum ya tsare amana ce a wuyansa, za a tambaye shi ci da shanta. Wanda ya kai karyarsa aka fiɗe ta, to ya sani ya sauya mata ɗabi'ar jiki, wajibi ne kuma ya sauya mata awon abinci daidai da haka.