Sauƙin Ciwon Damuwa Ba a Jere Yake Zuwa Ba

An daɗe masu binciken jinyar ciwon damuwa ta hanyar zantawa suna ba da ƙarfi ga awo biyu: halin majiyyaci ran da ya fara zuwa, da halinsa ran da aka sallame shi. Abin da ya wakana a tsakani kuwa, sai a ɗauka sauƙi ne ke taruwa kaɗan-kaɗan, kowane mako da rabonsa.

A 1999, Tony Tang da Robert DeRubeis na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka suka bi sawun majiyyata zama bayan zama. Sai ga shi kusan huɗu cikin goma sun sami babban kaso na sauƙinsu ne farat ɗaya, tsakanin wannan zaman da na gaba.

Irin wannan tsalle ba baƙo ba ne ga masana fiziks. Ruwa kan daɗe bisa murhu kamar ba abin da ke faruwa, sai ya fara tsuwa yana motsi, can ya ɓarke da tafasa. Bajamushe Hermann Haken, wanda ya faro da nazarin hasken leza, ya nuna yadda abu mai sassa da yawa masu taɓa juna ke yin tangal-tangal kafin ya koma sabon yanayi. Günter Schiepek ya ɗauki wannan tunani zuwa ɗakin jinya a Salzburg ta ƙasar Ostiriya. Kullum majiyyaci zai amsa 'yan tambayoyi a waya ko kwamfuta game da yadda ya wuni, na'ura ta zana hawa da saukar zuciyarsa. Sau da yawa, gab da babban sauyi, zanen kan hargitse: yau fata, gobe kuka, jibi fushi. Ita ma Adele Hayes a Amurka ta ga majiyyatan da damuwarsu ta yi sama na ɗan lokaci sa'ad da suka tunkari abin da suke gudu, daga baya suka fi samun lafiya.

A ganina amfanin wannan a fili yake: mako mai tsanani ba lalle ne hujjar cewa jinya ta gaza ba, kada dangi su yi saurin janye ɗan'uwansu.

Sai dai fa hargitsin ba ya faɗin inda aka nufa. A 2016 masu bincike a Holan sun ba da rahoton wani mutum da ya riƙa rubuta yanayinsa sau da yawa a rana har kwana 239, yana rage maganinsa. Alamun tangal-tangal sun bayyana, amma abin da ya biyo baya dawowar ciwon ne. Shi ya sa likita ke zama da majiyyaci su duba zanen tare, ya tambaye shi abin da ya faru a ranakun.