Ƙera Gem da Wutar Sola a Cikin Birni

Duk wanda ya ratsa kasuwar Ƙofar Wambai da hantsi ya san amon da ke ƙarƙashin hayaniyar 'yan gwanjo da masu robobi: ƙarar ƙananan janareta, kowanne a bakin shagonsa, yana juya keken ɗinki ko injin goge tafin takalmi. Masu sana'ar hannu sun saba. In an ɗauke wuta, tela ya ja igiya, ya ci gaba daga inda allura ta tsaya. To akwai wata sana'a da matasanmu suka fara leƙawa wadda ba ta da wannan haƙuri, wato ƙera wasannin waya da na kwamfuta, waɗanda yara ke kira gem. Bugawa kam mun iya, gidajen gem suna nan unguwa-unguwa, yara sun yi dafifi gaban PlayStation suna musun ƙwallo. Ƙerawar ce ke neman mutum ya zauna gaban kwamfuta daga safe zuwa yamma, wata da watanni, yana zane, yana rubuta umarni, yana gwaji, kuma duk wannan ba ya yiwuwa da wutar da ba ta sallama in za ta tafi.

Janareta ya daina zama mafita ga mai ƙaramin ƙarfi tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana zuwa naira 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar ne kuma manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta yi fiye da mako guda cikin duhu, kamfanin wutar KEDCO ba shi da abin rabawa. Shi ya sa ido ya koma sama. Sola ba baƙuwa ba ce a garin nan: an saka wa shagunan kasuwar Sabon Gari, Jami'ar Bayero ta samu tashar megawat 7.1 a 2019, an kuma buɗe ta megawat 10 a Challawa a farkon 2023.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne su fara da tambayar farashin fanel. Lissafi daga kayan da za a kunna yake farawa. Mu ɗauka matasa uku ne suka kama ɗaki a saman wani shago: mai zane, mai rubuta umarnin kwamfuta, da mai haɗa sauti wanda shi ne kuma ɗan gwaji. Laftof ɗaya tana cin kamar wat 60. Uku, na tsawon awa 8, sun ci 1,440. Fanka biyu na gargajiya, wat 60 kowacce, in suka yi awa 10 sun ci 1,200, kusan daidai da kwamfutocin, abin da ba kowa ke lura da shi ba. A ƙara ƙwan fitila, na'urar intanet, da cajin wayoyin gwaji, jimla ta tasar ma yunit 3 a rana. Ranar Kano tana ba da ƙarfinta sosai na kimanin awa 5 zuwa 6, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu yana zubewa a hanya, tsakanin waya da inbata da batir da zafi. Ke nan fanel na wat 800 zuwa 1,000 ya riƙe su, wato manyan faranti biyu. Wannan ba abin da ya fi ƙarfin mutum uku ba ne in sun haɗa hannu.

Yanzu a shigo da babbar kwamfutar tebur mai katin zane, irin wadda ake gani a bidiyon 'yan gem na YouTube tana walƙiya da fitilu kala-kala. In tana aiki tuƙuru takan ci wat 400, ita kaɗai ta cinye abincin ɗakin duka. Sai ta dumama wurin, a ce to a saka na'urar sanyaya ɗaki, wadda ƙaramarta ma ke neman wat 800 ko fiye. Kafin ka ankara faranti biyu sun koma takwas, batir ɗaya ya koma huɗu, jarin da aka tara don yin wasa ya ƙare a kan rufi. A nan ne ake yanke shawarar da ta fi kowace girma, kuma yawanci ba a san an yanke ta ba: irin wasan da za ka ƙera shi ke faɗa maka yawan wutar da kake buƙata, wutar da kake da ita kuma ita ke faɗa maka wasan da za ka iya gamawa.

Akwai waɗanda suka riga mu shan wannan karatu a wuri mafi matsi. Rekka Bellum da Devine Lu Linvega, mutum biyu daga Kanada da ke aiki da sunan Hundred Rabbits, sun koma zama cikin wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Pino a 2016, tsawonsa kamar mita 10, suka ratsa tekun Fasifik har Niyu Zilan da Japan, suna ƙera wasanni da manhajoji da wutar farantan da ke kan jirgin. Su ne masu wasannin Oquonie da Donsol. Abin da suka tarar shi ne kayan aikin zamani ba a yi su don mai ƙarancin wuta ba. Manhajar zane tana zuƙe batir kafin a yi nisa. Manhajar Apple ta ƙera wasan iPhone tana neman a sauke sabuntawa ta gigabayit da dama, alhali suna wani tsibiri inda intanet ke tafiyar hawainiya. Ba su ƙara faranti ba, don ba wurin sakawa. Kayan aikin suka rage wa ci. Suka koma tsofaffin kwamfutoci da manhajoji marasa nauyi, har suka gina nasu ƙaramin tsari mai suna Uxn, wanda ke tashi a kan na'urorin da wasu suka jefar. In rana ta yi ƙarfi su yi aikin kwamfuta, in hadari ya rufe su koma takarda da fensir.

Ba cewa nake matashin Kano ya kwaikwayi zaman jirgin ruwa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne matsin da sola ke sa mutum ciki yana tura shi daidai inda kasuwarsa take. Wa zai buga wasan naka? Mai Tecno ne da mai Itel da mai Infinix, wanda wayarsa ta cika da hotunan biki, yana lissafin data kamar yadda yake lissafin cefane. Wasan da ya kai gigabayit biyu ba zai sauke ba, ko kyauta ne. Wasa mai sauƙin zane, ƙasa da megabayit 50, wanda ke tashi ba tare da intanet ba, shi ne zai shiga wayarsa, har ya tura wa abokinsa ta Xender. Irin wannan wasa laftof ta gwanjo ma ta ishe shi. Manhajar Godot kyauta ce, sauke ta ba ya cin data mai yawa, saɓanin Unreal da ke neman gigabayit gommai da kwamfuta mai tsada. Krita ta zane da Blender su ma kyauta ne. Abin ƙerawa kuwa ba sai an je Amurka aro ba: ga dara, ga langa, ga dambe, ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ga hawan Sallah. Kamfanin Maliyo da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012 da ƙananan wasannin waya na rayuwar titi ya fara, kafin ya kai ga yi wa Disney wasan Iwájú a 2024. 'Yan kamfanin Kiro'o na Yawunde sun sha fama da ɗaukewar wuta kafin su fitar da wasan Aurion a 2016, amma sun fitar.

Sai dai sola a cikin birni tana da nata halin. Gidajenmu a manne suke, lungu ya matse, maƙwabci ya ɗora bene. Inuwar katanga ko ta tankin ruwa in ta faɗa kan gefen fanel ɗaya, takan rage ƙarfin duk layin da aka jona tare, don haka kafin a sayi komai a hau saman da safe, a hau da azahar, a hau da la'asar, a ga inda inuwa ke bi. A ɗan karkata farantan suna kallon kudu, a bar musu sarari a ƙasa iska ta ratsa, don fanel haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ranar Afrilu da ke gasa mutum ba ita ce ta fi ba da wuta ba. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Mako guda ba a goge ba sai ka iya rubuta sunanka da yatsa a kan gilashin. A wanke da sassafe kafin ya ɗau zafi. A watan Agusta kuma sai a yi kwana biyu ana marka, batir bai cika ba.

Batir shi ne ke cin kuɗi, shi ne kuma ke fara mutuwa. Babban batir na ruwa mai lamba 200 yana ɗauke da kamar yunit 2.4, amma rabi kawai ake taɓawa in ana so ya yi ƙarko, ga shi ba ya son ɗaki mai zafi. Na litiyam ya fi tsada a ranar saye, ya fi arha a shekara ta huɗu. Hanyar rage wa kai wahala ita ce a juya lokacin aiki. Masu wannan sana'a sun saba da raba dare, sola kuwa ma'aikacin rana take so. Aiki mai nauyi, irin haɗa wasa a fitar da shi ko sarrafa bidiyon talla, a yi shi tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 3, lokacin da wuta ke saukowa kai tsaye daga rufi. Kowa ya cika batirin laftof ɗinsa kafin la'asar. A sauya fankokin gargajiya da masu caji, waɗanda ba sa cin ko rabin wutar.

Wajen saye a tafi da wanda ya san aikin, ya auna fanel da mita a gaban mai shago da tsakar rana, don lambar da aka liƙa a bayansa ba koyaushe take faɗar gaskiya ba. Kada a yi rowar waya mai kauri da fiyus. Garin da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 bai kamata ya yi wasa da siririyar waya a saman shagon da ke cike da roba da yadi ba. In ɗakin haya ne, a yi magana da mai gida a rubuce, a gaban shaidu, cewa farantan na masu haya ne, za su kwance abinsu ranar tashi. Kuma a ware dala 25 na rajistar Google Play tun kafin kuɗi su ƙare a kan rufi, tare da katin banki da aka tabbatar yana biya da dala.