Miliyan Guda a Bakin 'Yan Kasuwar Gaya

Garin Gaya na jihar Dosso yana gaɓar kogin Kwara, daura da Malanville ta ƙasar Benin, kuma ba shi da nisa da Kamba ta jihar Kebbi. A kasuwarsa ana cinikayya da Hausa da Dendi da Zabarmanci, da sefa da naira. Wannan ya sa ya dace da nazarin tambaya guda: yaya harshe ke riƙe babbar lamba kamar 1,000,000?

A ilmin lissafi, miliyan lamba ce cika, ba mara ba. In an farfasa ta, biyu da biyar kaɗai ake samu: biyu sau shida ana ninkawa (64), biyar ma sau shida (15,625). Ita ce dubu sau dubu, kuma ita ce ɗari sau ɗari sau ɗari. Lambobi 49 ne ke raba ta ba tare da saura ba.

Sai dai ɗan kasuwa a Nijar ba da faran ɗaya yake ƙirga sefa ba, da dala yake yi, wato faran biyar. Dala ɗari biyu ita ce jika, faran 1,000. Saboda haka miliyan na sefa dala 200,000 ne, ko kuwa jika dubu. Kuɗin bai ragu ba, amma lambar da ke baki ta sauya hali: an zare biyar guda daga cikinta, masu raba ta sun koma 42, kuma babu wata cikakkiyar lamba da za a ninka da kanta ta ba da 200,000. Kalmar jika ce ke maido da daidaiton, domin jika dubu dubu sau dubu ne.

Da an ƙetara zuwa Kamba, jaka naira 200 take nufi. Asalinta jakar fam ɗari ce, kuma da naira ta zo a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu. Kalma ɗaya ke nan, kowane ɓangare na iyaka da ɗari biyunsa, amma abin da ake ƙirgawa daban.

Kalmomin ma kowace da tarihinta. Ashirin zuwa casa'in daga Larabci suka zo, haka metan da alif. Miliyan ta zo da Turawa. Zambar kuwa, wadda Hausawa ke faɗa a "zambar dubu", ita ce dubu a Zabarmanci.

Darasin ga mai nazarin harshe da mai fassara a fili yake. Wanda ya ji "dala ɗari" a Gaya ya rubuta faran 100 ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na kuɗin, domin 500 ake nufi. A takardar bashi ko a gaban alƙali, wannan kuskure haƙƙin wani yake ci. Kafin a fassara lamba, sai a fara tambaya: da me ake ƙirgawa?