Daga bizar karatu zuwa ta aiki a Amurka: Yadda lissafin haraji yake sauyawa

Ranar 1 ga Oktoba ce ranar da galibin sababbin bizar aiki ta H-1B ke fara aiki a Amurka, kuma da yawa daga cikin masu samunta ɗalibai ne 'yan ƙasashen waje, har da 'yan Najeriya, da suka yi karatu da bizar F-1. Sai dai kafin 15 ga Afrilun shekara mai bi, tilas kowannensu ya miƙa bayanin kuɗin shigarsa ga hukumar haraji ta ƙasar, IRS. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe, domin wasu na zaton sabuwar biza ta mayar da su mazauna a dokar haraji. Alhali kuwa hukumar kwanaki take ƙirgawa.

Ƙa'idar ita ce mutum ya kwana 31 a ƙasar cikin shekarar da ake magana, sannan jimillar kwanakinsa ta kai 183 idan aka haɗa dukkan na wannan shekarar da sulusin na bara da sudusin na bara waccan. Amma kwanakin ɗalibi mai F-1 ba sa shiga lissafi a shekaru biyar na farko.

Saboda haka, wanda ya isa Amurka shekaru uku da suka wuce, ya koma H-1B a farkon Oktoba, kwana 92 kacal za a ƙirga masa zuwa ƙarshen Disamba. Har yanzu baƙo ne a wurin hukumar, kuma fom ɗin 1040-NR zai cike, ya haɗa da fom na 8843 mai bayyana kwanakin da aka yafe masa. Wanda kuwa ya haura shekaru biyar ɗin, mai yiwuwa ya riga ya zama mazauni tun yana ɗalibi, don haka fom ɗin 1040 ne nasa.

Bambancin yana taɓa aljihu. Baƙo yana biyan haraji ne a kan abin da ya samu a Amurka kawai, amma ba ya cin moriyar rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa mazauna. Najeriya kuma ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka da za ta sassauta masa. Shi kuwa mazauni yana samun rangwamen, amma wajibi ne ya bayyana duk abin da ya samu a ko'ina a duniya, ko da kuɗin hayar shago ne a Kano ko ribar ajiya a wani banki a Abuja. Idan jimillar kuɗin asusunsa na waje ta haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne, sai ya miƙa rahoton da ake kira FBAR.

Doka ta ba sabon ma'aikaci damar zaɓen a ɗauke shi mazauni daga lokacin da kwanakinsa suka fara shiga lissafi, wato shekarar ta rabu biyu. Sharaɗi shi ne ya jira har ya cika ƙa'idar kwana 183 a shekara mai bi, abin da kan kai farkon Yuni ga wanda ya fara a Oktoba. Don haka sai ya nemi ƙarin wa'adi da fom na 4868. Ƙarin na miƙa takardu ne kawai. Kuɗin da ake bin sa dole ya biya kafin 15 ga Afrilu.

Akwai kuma harajin fansho da na lafiyar tsofaffi, kashi 7.65 cikin ɗari na albashi. Ba a cire wa ɗalibin da ke matsayin baƙo, amma daga ranar da H-1B ta fara aiki ya hau kansa. Yana da kyau ma'aikaci ya duba takardar albashinsa ta Oktoba, ya sanar da wurin aikinsa idan bai ga an cire ba.

Wanda ya riga ya cike fom ɗin da ba nasa ba yana iya gyarawa da fom na 1040-X. Gara a gyara da wuri, domin tara da kuɗin ruwa ƙaruwa suke yi a kan bashin haraji, kuma takardun nan kan sake fitowa ranar da mutum ya nemi izinin zama na dindindin.