Shin Ko Kun San? Karatun Doki Kafin Shiga Jami'a

Shin ko kun san a Amurka akwai ɗaliban sakandare da ke cinye hutun bazara a barga? Jami'ar Massachusetts da ke Amherst tana karɓarsu a gonarta ta Hadley, Jami'ar Cornell da ke Ithaca ita ma tana da zango na 'yan makonni kan likitancin dawaki. Yaron da ya zo da ɗokin sukuwa yakan tarar cewa hawa shi ne ƙaramin abu a wannan ilimi. Babban darasin yana cikin tumbin dokin.

Ko kun san doki ba ya amai? Tsokar da ke bakin tumbinsa tana da ƙarfi ƙwarai, abin da ya shiga ba ya komowa. Tumbin kuma ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kacal a jikin dabbar da ta kai kilo 500, alhali hanjinsa ya doshi mita 30. An halicci doki ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan har wajen awa 16 a rana. Shi ya sa idan aka zuba masa hatsi mai yawa lokaci guda, ko aka sauya masa abinci farat ɗaya, ciwon ciki kan kama shi, kuma wannan ciwo yana sahun gaba wajen kashe dawaki a duniya. Mai koyo yakan ɗora na'urar sauraro a kuiɓin doki. Ƙugin ciki alamar lafiya ce, shiru shi ne abin tsoro. Har kashinsa ana dubawa a ga yawansa da laushinsa, kuma a ganina yaron da ya iya wannan ya fi gwanin sukuwa amfani ga dokin.

Darasin ya shafi masu turke a Kano da Katsina da Zazzau. Idan hawan sallah ya matso, a ƙara dawa da dusa sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, harawa da ruwa kuwa kada su yanke.

Ko kun san zuciyar babban doki a hutu tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, kuma ta hanci kaɗai yake numfashi? Yana gyangyaɗi a tsaye domin gaɓoɓin ƙafarsa suna kullewa, amma barci mai nauyi sai ya kwanta.

Haƙoransa suna ci gaba da fitowa shekara da shekaru yayin da tauna ke cinye su, da su ake ƙiyasta shekarunsa. Kofato ma ba ya daina tsiro, ana gyara shi duk mako 6 zuwa 8.

Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan kwana 340. Dukushin da ta haifa yakan miƙe cikin awa ɗaya zuwa biyu, kuma lallai ya sha nonon farko da wuri, domin ba ya samun garkuwar jiki daga uwa tun yana ciki.

Shin ko kun san makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya gwanin doki ne ya kafa ta? Claude Bourgelat, mai koyar da hawa a birnin Lyon na Faransa, shi ya assasa ta a 1761.